Barcin Rumana

Ba a san Bahaushe da shuka fure don kallo ba. Abin da yake kashe wa ƙarfinsa shi ne wanda zai shiga tukunya, ko ya shiga rumbu, ko kuwa a jiƙa a sha ranar da ciwo ya zo. Hasali ma, da ya tashi siffanta ƙarya sai ya ce fure take, ba ta 'ya'ya. Wato a wurinsa fure alkawari ne kawai, 'ya'ya su ne cikawa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da mutanen wani gari a arewacin Jihar Katsina suka daɗe suna maganar wani malamin Hausa na ƙaramar sakandare, wanda ya shafe shekara da shekaru yana wahala a kan wani tsiron daji da ake kira rumana. Wasu suka ce asiri yake haɗawa, wasu suka ce zurfin boko ne ya taɓa shi. Gaskiyar al'amarin ba ta kai nan ba, amma kuma ta isa a tsaya a duba ta.

Rumana tsiro ne na dajin ƙasar Hausa, ba baƙo ba ne da aka shigo da shi. Ana samun sa a filayen ciyawa da gindin duwatsu tun daga Senigal har Habasha, ya gangara zuwa kudancin Afirka. Ganyensa dogo ne mai tsini kamar takobi, yana fitowa a jere kamar an buɗe mafici. Idan marka ta yi sai ya fid da kara guda miƙaƙƙe, wanda kan kai ƙugun babban mutum ko ya ɗara, furanni su jeru a jikinsa suna buɗewa daga ƙasa zuwa sama, jajaye masu ratsin ruwan ɗorawa, kowanne ya rusuno da kansa kamar hular alkyabba. Amma ƙarfinsa duka a ƙarƙashin ƙasa yake, cikin wani ƙwallo mai kama da albasa. Bambancinsu shi ne, in an yanka albasa za a tarar da ita ninki-ninki, shi kuwa a dunƙule yake kamar gwaza, yana sanye da wata riga ta zare-zare mai ruwan ƙasa.

Malamin haifaffen wani ƙauye ne a yankin Funtuwa, inda mahaifinsa yake noma yana kuma kiwon doki. Duk lokacin da cikin dokin ya ɓaci, sai tsohon ya saɓa fartanya, ya sa yaron a gaba, su nufi gindin dutsen da ke bayan gonarsu su haƙo rumana. Hausawa sun daɗe suna amfani da ƙwallonsa wajen maganin atini da gudawa, ga mutum da dabba, shi ya sa ma ake jin sunan rumanan doki. Tsohon yana da doka guda da ba ya karya ta: in an tarar da biyar, biyu za a ɗauka, a mayar wa sauran ƙasarsu, a danne da tafin hannu. Yakan kuma ba da labarin farin 1973, lokacin da hatsi ya ƙone a gona, dabbobi suka yi ta faɗuwa, amma da ruwa ya dawo sai ga rumana ya fito daidai inda aka bar shi, kamar babu abin da ya faru.

Kwanci tashi yaron ya girma, ya gama kwalejin ilimi, aiki ya cilla shi arewa. Mahaifin ya rasu, aka sayar da dokin. A wani hutu da kaka, malamin ya zo gida, ya ga bari ya taka zuwa gindin dutsen nan. Ya tarar babu sauran daji. An share wurin kakaf an shuka masara, garmar tarakta ta birkice ƙasa da duk abin da ke kwance a cikinta, maganin feshi kuma ya ƙarasa duk wani kore da ba masara ba. Bai ga laifin kowa ba, don bakuna sun ƙaru, ƙasa kuwa ba ta ƙaru ba. Tun hantsi yake nema, sai wajen azahar ya dace da wasu 'yan tsiro a tsagin dutse, inda garma ba ta iya shiga, ganyensu ya riga ya bushe. Ya tambayi wani yaro mai kiwon awaki sunan wannan tsiro, yaron ya dube shi, ya ce, "Ciyawa ce, Malam." Wannan amsa ta fi ɓacewar dajin taɓa masa zuciya. Ya ƙirga goma sha biyar, ya haƙi shida bisa dokar mahaifinsa, ya rufe sauran. Ya kuma tsinko busassun kwanson iri guda biyu, ya naɗe a takarda, ya cusa cikin wani tsohon ƙamus, daga nan ya manta da su.

Da aka koma makaranta, cikin tsakiyar hunturu, bai tsaya wata-wata ba. Ya zaɓi wuri a bayan ofishin malamai, ya sa aka ɗebo masa laka daga tafki, ya cakuɗa da ɗanyen takin awaki, ya binne ƙwallayen nan shida. Tunaninsa shi ne, tunda ruwan saman da ake samu a nan wajen milimita 600 ne a shekara, alhali can gida yakan kai kusan 1,000, to, dole ne ya cike giɓin da hannunsa. Sai ya rubuta jadawali ya manna a bango, ɗalibai biyu da safe, biyu da yamma, kowa da bokiti. Wata ɗaya ya wuce babu ko tsinke. Ya ce ruwan ne bai isa ba, ya ninka. Aka shiga wata na uku shiru. Ranar da haƙurinsa ya ƙare ya tona, wari ne ya fara tarbar sa. Huɗu sun ruɓe sun narke a hannu, ɗaya gafiya ta cinye ta bar riga. Guda ɗaya tak ya tsira, yana nan da taurinsa, shi ne wanda ke can ƙarshen fegin, inda yara ba sa ƙarasawa da bokiti saboda ƙiwa.

Abin ya dame shi ƙwarai, don ya san shi ya raba su da inda suka yi shekaru suna zaune lafiya. Da ya sami zuwa gida, bayan an yi sallar isha'i, ya zauna a ƙofar ɗakin mahaifiyarsa. Kasancewarsa ɗan fari ba ta faɗin sunansa, tun da ya fara koyarwa kuwa sai take ce masa Malam.

Ya ce, "Inna, rumanan nan na gonar Baba da na ɗiba, sun ruɓe."

Ta ce, "Yaushe ka binne su?"

Ya ce, "Da hunturu."

Ta ce, "Ka ba su ruwa?"

Ya ce, "Safe da yamma, Inna, ko fashin rana ɗaya ba a yi ba."

Tsohuwar ta yi shiru, can sai ta yi dariya, ta ce, "Ai kai ka kashe su, Malam. Wa ya gaya maka mai barci ƙishirwa yake ji? Duk zamanka da mahaifinka, ka taɓa ganin ya ɗauki tulu ya nufi gindin dutse da rani?"

Ta ce masa ya sami tsohuwar tukunya ya zuba busasshen rairayi da toka, ya ajiye ɗayan da ya rage a ciki, ya rufe saboda ɓera, ya sa a inuwa. Kada ya mayar da shi ƙasa sai damina ta zauna, manoma sun yi shuka, ba ruwan farin nan mai yaudara ba. In zai binne shi kuma ya nemi jigawa, ya tayar da kunya, don ruwa ya wuce kada ya kwanta.

Abin da ya karanta daga baya bai saɓa wa maganar tsohuwa ba, ƙarin bayani kawai ya yi mata. Rumana ba ya yin kokawa da fari, kauce masa yake yi. A watannin damina ganyensa yana haɗa abinci da hasken rana, yana tura shi ƙasa. Tsohon ƙwallon da aka binne yakan ƙarar da kansa wajen fitar da ganye da fure, ya motse, wani sabo ya ginu a kansa, 'yan ƙanana kamar ƙwayar dawa su kewaye gindinsa. Da yake kowace shekara sabon a saman tsohon yake zama, da tuni ya fito fili rana ta gasa shi, sai dai Allah ya hore masa wasu saiwoyi masu kauri da ke tsukewa su janyo shi ƙasa. Da zarar ruwa ya ɗauke sai ganye ya bushe, ƙwallo ya shiga barci na wata shida ko bakwai. A wannan hali ba ya shan ruwa, don babu ganyen da zai ja shi. Duk ruwan da aka zuba masa zama yake yi a jikinsa, ya zama gidan ruɓa. Shi ya sa kuma ba a yanke ganyen bayan fure ya kaɗe, sai ya bushe da kansa, domin a waɗannan makonni ne ake cika rumbun baɗi.

Ana gab da faɗuwar damina, yana neman wata kalma a tsohon ƙamus ɗin nan, sai takarda ta faɗo. Kwanson sun fashe, ga iri nan birjik, fale-fale, ruwan ƙasa, kowanne da ɗan fiffike kamar ɓawon albasa wanda iska ke ɗaukar sa da shi. Bai taɓa ganin wanda ya shuka rumana daga iri ba, amma ba shi da abin da zai yi asara. Da ruwa ya zauna sai ya tayar da kunya biyu a wuri mai rairayi, ya sa ɗan tsohon taki wanda ya riga ya huce. A ta farko ya binne ƙwallon da ya tsira, zurfin kamar santimita 10, tsininsa yana kallon sama. A ta biyu ya yafa irin, ya rufe shi da rairayi sama-sama. Bai rubuta jadawali ba. Ya bar wa sama aikinta, sai fa in an yi kwana goma ba a sami ruwa ba, ya ɗan yayyafa da hannunsa.

Bayan kamar mako uku zuwa huɗu irin ya fara tsirowa, kuma a nan ne wata sabuwar matsala ta ɓullo. Jaririn rumana ganye ɗaya gare shi, siriri kamar allura, babu mai bambanta shi da ciyawa sai wanda ya shuka shi. Ranar sharar makaranta wasu ɗalibai suka dira a kan kunyar da fartanyoyi, sun nome kusan kashi ɗaya cikin uku kafin maigadi ya daka musu tsawa. Shi wannan maigadi dattijo ne, bai san abin da aka shuka ba, amma ya lura kullum malamin yakan tsuguna a wurin kafin ya shiga aji, ya kuwa san babba ba ya tsugunawa a banza. Tun daga ranar suka zama abokan aiki. Suka saro ƙaya suka yi shinge saboda awaki, suka riƙa cire ciyawa da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Ƙwallon da ya tsira kuwa ya fito da ganye huɗu, amma bai yi fure ba a wannan shekara. Wahalar da ya sha ta cinye masa guzuri.

Da kaka ta yi ganye ya fara ja, malamin ya gane cewa hana ruwa ya fi bayar da shi wuya. Yana gani tsiron da ya yi wata huɗu yana reno suna bushewa, ga rijiyar burtsatse a gabansa, amma ya kama hannunsa. Da suka bushe sarai ya tona a hankali. Kowane siririn ganye ya bar ƙwallo a ƙasa, wani kamar ƙwayar wake, wani bai kai ba. Ya ƙirga sama da arba'in, ya zuba su cikin tukunyar rairayi da toka, ya rufe. Duk tsawon rani wanda ya zo wurin ba zai ga komai ba sai busasshiyar ƙasa da shingen ƙaya. Abokan aikinsa sukan zolaye shi, su ce Malam yana gadin fili.

A damina ta biyu ne tsohon ƙwallon ya biya bashinsa. Cikin watan Agusta ya fid da kara, wata safiya aka wayi gari furen ƙasa ya buɗe, na bisansa suna biye. Ƙananan tsuntsayen nan masu dogon baki da ke shan ruwan fure suka fara kai-kawo. Malamin ya fito da ajinsa gaba ɗaya, ya tambaye su sunan abin da suke gani. Wani ya ce fulawa, wata ta ce furen Turawa ne. Da ya ce rumana, sai suka zaci ruman yake nufi, ɗan itacen nan mai 'ya'ya cunkus. Maigadi ne kawai ya matso, ya daɗe yana kallo, ya ce rabonsa da ganin wannan tun yana yaro yana bin kakansa kiwo.

A nan take darasin ranar ya sauya. Malamin ya ba kowane ɗalibi aikin gida: ya je wurin kakansa ko kakarsa ya rubuto sunayen tsirran daji guda biyar, da inda suke fitowa, da abin da ake yi da su. Abin da suka kawo ya cika allo har ya rasa wuri. Ga albasar kwaɗi mai farin fure da jan ratsi, wadda ke fitowa a fadama da farkon damina. Ga albasar kura, ga gadali, ga gatarin kurege mai naɗo wanda furensa ke kama da harshen wuta. Daga waɗannan sunaye ya koyar da su harhaɗaɗɗun kalmomi, ya nuna musu yadda Bahaushe kan jingina abin daji ga dabba don ya gargaɗi mutum cewa wannan albasar ba ta miya ba ce. Yaran da ba sa buɗe baki a aji su ne suka fi kowa kawo sunaye, domin su ne 'ya'yan makiyaya da manoma. Ranar ce ta farko da suka ga abin da suka sani a gida yana da daraja a makaranta.

Ya kuma ba su labarin da ya ba su mamaki. Tun a 1916 wani likita ɗan ƙasar Sikotilan mai suna Dalziel ya buga littafi na sunayen tsirrai da Hausa, sannan a 1937 ya fitar da wani babba a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Masana suna kiran rumana Gladiolus dalenii. Kalmar farko ta Latin ce, ma'anarta ƙaramin takobi, saboda siffar ganyen, ta biyu kuwa daga sunan Dalen ce, wani shugaban lambun tsirrai a ƙasar Holan. Dangin wannan tsiro sun kai kusan iri 300, mafi yawansu a Afirka. A 1837 wani mai kula da lambu a ƙasar Beljiyam ya yi auren wannan iri, wanda aka kai Turai daga kudancin Afirka, da wani ɗan'uwansa, aka fara sayar da abin da suka haifa a 1841. Daga wannan zuri'a ne aka sami da yawa daga cikin manyan furannin da ake nomawa gona-gona a Turai da Amurka, ana sayarwa da tsada. Yarinyar da ta ce furen Turawa ne ba ta yi nisa da gaskiya ba, sai dai ta juya labarin: jikan ne ya tafi Turai, kakan yana nan a tsagin dutse ana ce masa ciyawa.

Rumanan da aka shuka daga iri yakan ɗauki shekara biyu zuwa uku kafin ya yi fure. Na malamin sun cika damina biyu, ƙwallayensu sun kai girman goro, saura damina ɗaya a ga abin da aka yi wa wahala. Ana cikin ranin nan sai takardar canjin wurin aiki ta zo. Ba laifi ya yi ba, haka aikin gwamnati ya gada. Ya zauna da tukunyarsa a gaba yana tunani. Da ya so da ya kwashe duka, don babu mai tuhumar sa. Sai ya tuna dokar mahaifinsa, ya kasa su uku. Kaso mafi girma ya bar wa maigadi da wasu ɗalibai huɗu, ya maimaita musu abin da Inna ta gaya masa, kalma da kalma. Kaso na biyu ya kai ƙauyensu da faɗuwar damina, ya mayar tsagin dutsen da ya ɗebo iyayensu, ya danne ƙasa da tafin hannu. 'Yan kaɗan da suka rage ya tafi da su sabuwar makarantarsa.

Bai ga furen kunyar nan da idonsa ba. Labari ya iske shi a bakin wani direban mota cewa bayan ofishin malamai ya yi ja wur a wannan marka, har mutanen gari suna leƙowa ta katanga. Ya ji daɗi, ya kuma ji wani abu ya tsaya masa a maƙogwaro. Amma da ma haka aikin malanta yake, wanda ya shuka ba kasafai yake kasancewa a wurin ba ranar da aka yi fure.

Idan matasan malamai suka tambaye shi abin da ya samu a wannan doguwar wahala, ba ya tsawaita magana. Yakan ce shi da hannunsa ya kashe rumana huɗu, kuma ba ƙiyayya ce ta kashe su ba, so ne da rashin sanin lokaci. Yakan ce ya sha ganin irin wannan a aji: yaro ya yi shiru, malami ya ɗauka babu komai a kansa, sai ya yi ta tula masa aiki da tsawa da bulala, har ɗan abin da ke ciki ya ruɓe. Sai dai yakan ja kunnensu kada su mai da wannan hujjar sakaci. Shi bai bar rumana ga awaki ba. Ya yi shinge, ya cire ciyawa, ya ajiye shi inda ɓera ba zai kai ba, ya kuma ba shi ruwa lokacin da yake da ganyen sha. Aikin mai reno shi ne ya san damina, ya san rani, ya san abin da kowannensu ke bukata daga gare shi.

Har yanzu, duk makarantar da aka kai shi, akwai wani ɗan fili a bayan aji wanda yake kewayewa da ƙaya. Da rani baƙo kan tsaya ya tambaye shi me aka shuka a nan, tunda ba ya ganin komai. Malamin kan dubi busasshiyar ƙasar, ya ce, "Suna nan, barci suke yi. Ka dawo da marka."